Tukunyar da ke Kwana Bisa Murhu

Duk wanda ya taɓa kwana a Dutsin-Ma ko a Kurfi a tsakiyar hunturu, sa'ad da iskar gabas ke gangarowa daga kan duwatsu da asuba tana ratsa riga da mayafi har ta kai ga ƙashi, ya san wani ƙamshi da kan taso daga bayan katangun gidaje tun ladan bai yi kiran assalatu ba, ƙamshin kimba da citta da kanumfari gauraye da na kitsen da ya kwana yana narkewa, wanda in ya bugi hancin mai tafiya masallaci, ba sai an gaya masa ba, ya san ko dai an yi haihuwa a gidan nan, ko kuwa akwai wata dattijuwa a ciki mai sana'ar ganda. A kan wannan tukunya nake so in yi magana, wato dahuwar kai da ƙafa da kayan ciki, wadda galibin mutane ke ganin ba ta isa a ɓata tawada dominta ba, alhali kuwa in mutum ya bi sawunta a hankali, za ta bi da shi ta kara da kasuwa, ta biya da shi ƙofar fada da zauren malamai, daga nan ta shigar da shi ɗakin mai jego, inda masu rubuta tarihinmu ba su saba leƙawa ba, tun da yake hankalinsu na wajen sarakuna da yaƙe-yaƙe.

Sunan da yaran yanzu suka fi sani shi ne farfesu, amma wannan kalma baƙuwa ce, daga Turanci ta samo asali, ta shigo mana ta bakin kuku da ma'aikatan bariki da 'yan Kudu masu sayar da abinci a tasha. Iyayenmu ba su jira ta ba. Suna da langaɓu da ragadada ga kai da ƙafar da aka dafa har suka yi lugub, suna da ganda ga fatar da aka babbake aka dafa, suna kuma da romo ga ruwan da naman ya bar daɗinsa a ciki. Kuma yadda romon nan ya shiga zukatan mutane, har harshe ya ɗauke shi ya yi karin magana da shi, aka ce da zaƙin bakin da babu cikawa a bayansa romon baka, 'yan siyasar zamani kuma suka zo suna yi wa jama'a alkawarin romon dimokuraɗiyya. Al'umma ba ta tara sunaye haka ga abin da ta sani jiya.

Ƙasar da muke magana a kanta ƙasar shanu ce tun fil azal. Yamma da Kurfi da Dutsin-Ma dajin Rugu ne, wanda ya miƙe har ya haɗu da dazuzzukan Zamfara, makiyayar da Fulani suka daɗe suna kora dukiyarsu ciki. Kudu kuma ga kogin Karaduwa, wanda aka datse aka yi madatsar ruwa ta Zobe a shekarar 1983. Bayan da jama'ar Shehu Usmanu suka ci Birnin Katsina a 1807, gidajen Fulanin da suka yi jihadin suka raba ƙasar a tsakaninsu, har yau kuma hakimin Dutsin-Ma shi ne 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuwa Maraɗin Katsina. Amma kada mai karatu ya zaci cewa yawan shanu na nufin yawan cin nama. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Kurfi a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato daga Katsina, abin da kuma ya ja hankalinsa har ya rubuta shi ne duwatsun garin da ganuwa da gwalalon da aka kewaye shi da su, domin a zamanin nan hare-haren Katsinawan Maraɗi da Gobirawa ba su bari mutum ya yi barci da ido biyu. Bafillace ba ya yanka saniyarsa don marmari, nononta yake ci. Manomi kuwa akuyarsa ita ce asusunsa na ranar haraji da ranar aure. Saboda haka a ƙauye sa ba ya faɗuwa sai ranar kasuwa, ko ranar Salla, ko ranar wani babban sha'ani, kuma ranar da ya faɗi ɗin, wajibi ne a san inda kowace gaɓa tasa za ta kafin rana ta faɗi, domin babu ƙanƙara babu firiji, zafin ƙasarmu kuwa ba ya yi wa nama jinkiri.

A nan ne hikimar mahauta ta bayyana, kuma a nan ne tukunyarmu ta samo asalinta. Tsoka tana da mafita da yawa: a sayar da ita ɗanya, a yi tsire ko balangu, a shanya ta a yi kilishi wanda zai kai fatake har Gwanja bai lalace ba. Kayan ciki su ne masu gaggawa, hanta da huhu da ƙoda da saifa da tumbi da hanji, in ba a wanke su an ɗora a wuta a yinin ba, to, sai dai ungulu. Kai da ƙafa kuwa akasin haka suke, ba su saurin lalacewa in an babbake su, amma ba su ciyuwa sai an yi musu haƙuri, tun da galibinsu fata ce da jijiya da guringuntsi da ƙashi, abubuwan da haƙori ba ya iyawa da su sai wuta ta yi dare guda tana lallashinsu. Attajiri mai kuɗin sayen cinya ba ya bukatar wannan wahala. Wadda ba ta da kuɗi amma tana da itace da lokaci da sanin hannu, ita ce ta ɗauki abin da aka raina ta mai da shi abin da sarki zai aika a sayo masa a ɓoye. Na tabbata a raina cewa wannan dahuwa mata ne suka ƙago ta, talakawan mata kuwa, musamman matan gidajen fawa.

Fawa sana'a ce ta gado, masu ita ana ce da su rundawa, kuma kowane gari mai kasuwa yana da Sarkin Fawa wanda hakimi ko dagaci ya naɗa, shi ne ke duba dabba kafin a kayar da ita don kada a yanka ta sata ko mai ciwo, shi ke raba gardama, shi ne kuma ke kai gaisuwar nama fada. Kalangu kiɗansu ne. A da in za a yi yanka gobe, tun daren yau makaɗi zai zaga da kalangunsa, duk mai kunne ya san gobe akwai nama a gari, kuma su ne masu hawan ƙaho ranar buki, inda saurayi ke tarar sa mai faɗa ya rungume ƙahonsa jama'a na kallo. Duk da haka, a cikin jerin darajar sana'o'i na Hausawa an ajiye mahauta can ƙasa, har akwai gidajen da ba su ba su aure, abin da ni ban taɓa ganin hujjarsa a shari'a ko a hankali ba, domin mutumin da al'umma ta amince masa ya ambaci sunan Allah a kan abin da za ta ci, bai kamata a ce shi ne na baya ba. In an gama fiɗa, yaran Sarkin Fawa kan kwashi kai da ƙafafu su kai cikin gida, matan gidan su saya ko su karɓa bashi zuwa gobe, ribar da suka samu kuma tasu ce ta kansu, da ita suke yin adashi, da ita suke tara wa 'ya'yansu mata kwanoni da tasoshin jere.

Na ga wannan aiki da idona ina yaro, a gidan kakata ta wajen uwa, wadda maƙwabciyarta matar mahauci ce, suna kuma yin sana'ar tare. Da la'asar sakaliya za a hura wutar karan dawa a bayan gida, a ɗora ƙafafun sa a kai ana juyawa har gashin ya ƙone ƙurmus, ƙaurin ya cika unguwa; sa'an nan a kankare da wuƙa har fatar ta fito jawur kamar gasasshiyar gurasa, a tsoma a ruwan zafi, a buge kofato da ƙotar gatari ya fita, a sassara ƙashin gaɓa-gaɓa yadda ɓargo zai sami hanya. Tumbi kuwa sai an zazzage shi, an watsa masa tafasasshen ruwa, an murje baƙin nan har ya yi fari. Hanji a zura masa tsinken kara a juye cikinsa waje, a wanke shi ruwa bayan ruwa, a naɗe shi a jikin yankan tumbi don kada ya watse a tukunya. Bayan sallar lisha za ta ɗora tukunyar ƙasa babba, wadda gindinta ya yi baƙi ƙirin saboda shekaru, ta jefa ɗan gutsuren kanwa, ta tura gungume guda a murhu maimakon ƙirare, domin abin da ake so wuta ce mai ci a hankali, ta rufe da kasko ta tafi ta kwanta. Cikin dare takan tashi sau biyu ta ƙara ruwa ta gyara gungumen. Yaji da daddawa da albasa ba su shiga sai gab da asuba, sa'ad da ƙashi ya fara sakin naman da kansa. Ni kuwa in na farka na rakuɓe kusa da murhu ina jin ɗumi, sai ta ce, "Maigida, ka tashi ke nan? Miƙo ƙoƙonka, amma ka hura, kada ka ƙone mini baki." Romon da ta zuba mini, in na sha na haɗa leɓɓana sai in ji suna mannewa, in kuwa ragowar ta huce a ƙoƙon sai ta daskare har a iya yanka ta da wuƙa; wannan danƙon shi ne jijiya da fatar da suka narke suka koma ruwa, shi ne kuma ma'aunin da ake gane tukunyar da ta kwana da wadda aka yi wa gaggawa. Gari na wayewa 'yan mata za su ɗauka a kai suna zagawa, ana kira daga zaure, "Ke mai ganda, zo nan," a sayi ta ɗari ko ta kwabo, a haɗa da waina ko a gutsura funkaso a ciki.

Malamanmu ba su bar wannan fage ba hukunci. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ko ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halil, ya san babin yanka, ya san cewa a mazhabar Imamu Malik sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu tare da niyya da ambaton sunan Allah, kuma da zarar yankan ya inganta, to, dabbar ta halatta tun daga harshenta har kofatonta, ban da jinin da ya kwarara, wanda Alƙur'ani ya haramta a fili. Hanta da saifa kuwa, ko da yake jini ne a asalinsu, hadisi ya keɓe su ya halatta. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan mas'ala shi ne yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaukaka ƙafar dabba da bakinsa mai albarka. Imamul Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya bayyana cewa ko a kan ƙafar dabba aka gayyace shi zai amsa gayyatar, ko ita aka ba shi kyauta zai karɓa; ya kuma hori matan Musulmi kada maƙwabciya ta raina abin da za ta aika wa maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Wanda ya san haka, in ya ga yarinya ta fito daga wani gida da 'yar tasa rufe da faifai ta shiga gidan maƙwabta, ya san sunna ce ke tafiya a ƙasa, ko da tsohuwar da ta aiko ta ba ta taɓa buɗe littafi ba.

Babbar ranar wannan tukunya a rayuwar Bahaushe ita ce ranar ƙauri. In mace ta haihu, galibi a kwana na uku ko na huɗu, kafin ranar suna, mijinta zai sayo ƙafafun sa, mai hali ya haɗa da kai, ya kawo tare da kayan yaji da geron kunu, bayan itacen wankan jego da ya riga ya tara tun cikin yana wata bakwai. In haihuwar fari ce, yarinyar tana gidan iyayenta, can danginsa mata za su kai kayan, kuma surukai na lura da abin da aka kawo, domin da shi ake auna mutuncin miji da na gidansu. Tsofaffi za su kwana suna dahuwa, da safe a fara cika wa mai jego kwano, ungozoma na tsaye a kanta tana cewa, "Sha, 'yar nan, ki shanye, jinin da kika zubar ne ke komawa," sa'an nan a rarraba saura gida-gida, dangi da maƙwabta da abokan uban jariri, kowa ya ɗanɗana ya sa albarka. A cikin kwana arba'in ɗin nan na jego, yarinyar da wataƙila a sauran shekara ba ta ganin nama sai a miya, ita ce ake fara zuba wa, ita ce ake lallashi ta ƙara. Ban san wata al'ada tamu da ta fi wannan tausayin mace ba. Ranar suna ma in an yanka rago, ba a raba shi da ka, kowa da rabonsa sananne, mai fiɗa da wanzami da ungozoma, kuma a garuruwa da yawa kai da ƙafa hannun ungozoma suke faɗawa, ladan dararen da ta yi ba barci.

Wajibi ne in faɗi gaskiya a nan, cewa ba duk abin da ke cikin jegon gargajiya ne alheri ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Farfesa Parry da abokan aikinsa, sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, jiki ya kumbura numfashi ya yi wuya, suka kuma danganta abin da yawan kanwar da ake durawa a kunu da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wannan gargaɗi gaskiya ne, ya kamata a ji shi. Sai dai na ga gidajen da, don gudun kanwa, suka watsar da jegon ɗungurungum har da ƙaurin, suka bar mai jego da shayi da burodi, alhali laifin kanwa bai shafi ƙafar sa ba.

Rana ta biyu ta wannan tukunya ita ce Babbar Salla. Ranar layya kayan ciki ake fara soyawa, su ne abincin yinin, gangar jikin ragon kuwa a rataye ta ta sha iska sai gobe. Kai da ƙafa kuma aikin yara maza ne, su ke babbaka, su ke kankarewa, kowa na taƙama da nasa ya fi fita fes. Shari'a ta hana a sayar da komai na layya, ko fata, ta kuma hana a biya mahauci ladansa daga cikinta, saboda haka wannan rabo ba ya zuwa kasuwa, a gida yake zama ko ya tafi sadaka. Tsofaffinmu kan ɓoye wani abu daga ciki, ƙafa ko jela ko kan ragon, su shanya shi ya bushe, su rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke bugunsa, har wata guda, sai daren cika-ciki a cikin Almuharram a sauko da shi a dafa, kowa ya ci ya ƙoshi da fatan shekarar ta zo da wadata. Na daɗe ina ɗaukar wannan al'adar Hausawa ce zalla, sai da wani malamina ya nuna mini a cikin Buhari cewa Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda su ma sukan ajiye ƙafar dabbar layya su ci bayan kwana goma sha biyar, da aka tambaye ta dalili kuwa, ta nuna cewa rashin wadatar abinci ne a gidan Annabi. Ga kuma watanda, inda mutanen unguwa kan haɗa kuɗi su sayi sa a jajibirin Ƙaramar Salla, a kasa shi kashi-kashi daidai adadinsu, kuma ba a yarda da kason da babu ɗan tumbi da 'yar hanta a kansa ba.

Alhazan da suka daɗe a Makka da ɗaliban da suka yi karatu a Masar sun san cewa ba mu kaɗai muke da wannan tukunya ba. Misirawa da Sudanawa suna dafa ƙafar sa su kira ta kawari'u, daga kalmar Larabci ta ƙafar dabba da ta zo a hadisi. Iraƙawa suna da baca, Farisawa suna da kalle-pace, wanda ma'anarsa a harshensu kai da ƙafa ce daidai wa daida, masu sayar da shi kuma tun kafin alfijir suke buɗe shago. Turkawa da mutanen Pakistan duk suna da nasu. Waɗanda suka fi kowa girmama abin su ne mazauna duwatsun Ƙafƙas, tsakanin Baƙin Teku da tekun Kasbiyan, wato Armeniyawa da Jojiyawa da Azarbaijanawa. Armeniyawa na kiransa hash, daga kalmarsu ta tafasawa, kuma malamansu na da, irin su Girigor Magistros a ƙarni na 11 da likita Mikitar Heratsi a ƙarni na 12, sun ambace shi a rubuce-rubucensu. Sukan jiƙa ƙafafun saniya a ruwan sanyi su wanke, su dafa dare guda babu ko gishiri, da sassafe a lokacin sanyi maza su taru, kowa ya zuba gishiri da dakakkiyar tafarnuwa a kwanonsa, ya marmasa busasshiyar gurasarsu mai laushin takarda a ciki har romon ya yi kauri. Su ma suna cewa asalinsa abincin talaka ne, wanda mai dukiya ya ɗauki tsoka ya bar masa ƙafa. Babu wanda ya koya wa wani tsakaninmu da su. Dabba ɗaya ce Allah ya hore mana, sanyin asuba ɗaya ne, talauci kuma malami ne da ke karantarwa a kowace ƙasa. Bambancin da na gani shi ne, su taron maza suka mai da shi, mu kuwa mai jego muka fara ba.

Zamani ya taɓa wannan tukunya sau da yawa. Wajen shekarar 1890 annobar bushiya ta ratsa ƙasashen nan ta kashe shanu har Fulani suka sa mata suna Sannu, saboda yawan jajen da aka yi wa juna. Ta sake dawowa a 1983, ba a kuma bayyana kawar da ita daga duniya ba sai a 2011. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya kuma manyan motoci suka karɓi aikin, shanun da ake saye a kasuwanni irin su Caranci da Mai'aduwa suka riƙa tafiya Ikko da Ibadan da ransu, da kansu da ƙafarsu da fatarsu, can kuwa Yarabawa da Ibo ba su wasa da waɗannan gaɓoɓi, har fatar da majema ke jira ta zama abin ci, abin da ya sa cibiyar binciken fata da ke Zariya ta daɗe tana kukan cewa ana cinye arzikin ƙasa a tukunya. Mu ma nan gida, da Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, aka kafa Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, gari ya cika da ma'aikata da ɗalibai masu albashi da marmari, gidajen abinci suka yawaita, langaɓun kakata ya sa sabuwar riga ya zama farfesu, ana zuba shi a faranti da cokali, kuɗinsa kuma ya wuce na tsoka a wasu wuraren. Abin da talaka ya ƙago, yau talaka ke kallonsa daga nesa.

Musibar da ta fi duka ita ce ta ɓarayin daji. Dajin Rugu da ya kasance rumbun shanu ya koma maɓoyar masu satar shanu da mutane, ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari suka ɗanɗana kuɗarsu, manomi ya sayar da shanun huɗarsa da hannunsa don kada a kwana a kashe shi dominsu. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, cikinsu har da Dutsin-Ma da Caranci, don toshe hanyar sayar da na sata. A watannin nan na ga kwata shiru ranar kasuwa, na ga mahauta zaune sun haɗa kai da gwiwa, na kuma san gidan da aka yi haihuwa aka rasa ƙafar sa a gari, sai kan akuya aka samo daga wani ƙauye, uban jaririn na ta ba surukarsa haƙuri, ita kuwa tana ce masa, "Haba ɗana, ai ka yi ƙoƙari, Allah dai ya kawo mana lafiyar ƙasa."

Akwai kuma ɓarnar da muka jawo wa kanmu da hannunmu. Tsadar itace da son gaggawa sun sa wasu masu babbaka sun koma ƙona tsofaffin tayoyin mota da robobi, ka ga baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan kwata, ka ga ƙafar ta fito baƙa tana warin kalanzir, dafin da ke cikin tayar kuwa yana shiga fatar, wanka ba ya fitar da shi duka, kuma wannan fatar ce za a kwana ana dafawa a miƙa wa matar da ta haihu shekaranjiya tana shayar da jariri. Wasu kuma sukan labta kanwa fiye da kima, har da masu jefa ƙwayar maganin ciwon kai a tukunya, don naman ya yi laushi cikin sa'a biyu. Wannan ha'inci ne, cutar da Musulmi ce, kuma hana shi bai fi ƙarfin Sarakunan Fawa ba, in hakimai da malaman duba-gari suka tsaya musu, limamai kuma suka faɗe shi a kan mumbari kamar yadda suke faɗin tauye mudu.

Kai kuma saurayin da aka yi wa haihuwa, kada ka aika da kuɗi a waya ka ce a saya mata abin da take so. Tashi da sassafe ka je kwata da kanka, ka gai da Sarkin Fawa, ka zaɓi ƙafafu huɗu masu kyau, in ba ka da halin na sa ka ɗauki na rago, ka tsaya a babbake maka su da kara a gabanka, ka biya ta wajen mai kayan yaji, sa'an nan ka kai wa tsofaffin gidanku tun da sauran rana, domin su sami ɗorawa bayan lisha.